Cikin Yaro Ba Ya Jiran Safiya: Sikanin da Ciwon da Ba a Saba Gani Ba

Ƙarfe ɗaya da rabi na dare ƙanwata ta kira ni. Ban ji muryarta da farko ba, kukan ɗanta na fara ji, wani irin kuka mai tsini da ban taɓa jin ya yi ba. Kafin in gama tambaya sai kukan ya ɗauke ɗif. Ta ce, "Yaya, haka yake yi tun jiya. Ya yi ihu ya naɗe ƙafafu, sai ya yi lamo kamar ba shi ba, bayan ɗan lokaci ya sake."

Watansa takwas a lokacin. Kakarsa ta ce haƙori ne. Mai kemis ya ce atuni ne, domin an ga jini da majina a kashinsa, ya ba da maganin ƙwayoyin cuta. Da gari ya waye aka kai shi wani ɗakin sikanin a unguwa, aka goga masa na'ura na 'yan mintuna, aka rubuto cewa hanta, ƙoda da saifa lafiya lau. Babu ƙarya a takardar. Sai dai babu kalma ɗaya a cikinta game da hanji, alhali a hanjin matsalar take. Sai da yamma, a wani babban asibiti, wata likita ta sauya kan na'urar, ta bi gefen dama na cikin a hankali, ta juyo da allon ta nuna mana wasu zobba masu zagaye juna, kamar an yanka albasa a tsakiya. Hanjin yaron ne ya shige cikin kansa. A daren aka yi masa tiyata. Ya rayu, yanzu ma yana makaranta, amma likitan tiyatar ya gaya mana cewa da an gano da wuri, da wataƙila ba a kai ga wuƙa ba.

Ni ɗan jarida ne, ba likita ba. Amma tun daga wannan dare nake bibiyar batun, kuma na kai ga matsaya: sikanin shi ne gwajin hoto da ya kamata a fara yi wa yaro mai matsanancin ciwon ciki, kuma abin da ke hana mu cin moriyarsa ƙarancin idon da ya san abin da zai nema ne, fiye da ƙarancin na'ura.

Dalilin da ya sa jikin yaro ya dace da wannan na'ura

Na'urar sikanin sauti take aikawa cikin jiki, sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, sannan ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa ta mayar da ita hoto. Ruwa yana barin sautin ya wuce, shi ya sa yake fitowa baƙi. Ƙashi da iska kuwa suna tare shi. A 1958 ne Farfesa Ian Donald na Glasgow da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya buɗe wa wannan fasaha ƙofar asibiti, kuma da yake shi likitan mata ne, tun daga tushe aka san ta da duba masu juna biyu. Har yau a garuruwanmu in ka ce "sikanin", abin da ke zuwa zuciya shi ne kwanciyar jariri da tambayar mace ce ko namiji.

Amma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba dacewa da ita. Bangon cikinsa siriri ne, kitsensa kaɗan, gaɓoɓinsa na kusa da fata. Wannan ya sa ake iya amfani da miƙaƙƙen kan na'ura mai sauti mai tsini, wanda ba ya nutso da nisa amma yana fito da hoto dalla-dalla, har a ƙirga sassan bangon hanji. Lanƙwasasshen kan da ake duba masu ciki da shi yana nutso sosai, sai dai hotonsa bai kai wancan fitowa ba. Ɗakin sikanin da ba shi da miƙaƙƙen kai, ko yana da shi amma ba a ɗauko shi, zai iya duba yaro ya sallame shi alhali ciwon na nan ƙasa da fata da ɗan yatsa biyu.

Ga kuma batun haskoki masu ratsa jiki. Hoton eksire da na siti sikan suna amfani da su, sikanin kuwa ba ya yi. A 2012 mujallar Lancet ta buga wani babban bincike da aka yi a Birtaniya kan yara da matasa kusan 180,000 da aka yi wa siti sikan, ya nuna cewa yawan waɗannan haskoki na ƙara haɗarin sankarar jini da ƙarin ƙwaƙwalwa. Haɗarin ga kowane yaro ɗaya ƙarami ne, kuma akwai lokutan da siti sikan ke ceton rai. Duk da haka, in akwai hanyar da ba ta da wannan haɗari, ba ta buƙatar a sa yaro barci, ana iya maimaita ta sau uku a yini, kuma kuɗinta bai kai na waccan ba ko kusa, hankali ya ce da ita za a fara.

Abin da ke ɓuya a bayan "ciwon ciki"

Mafi yawan ciwon cikin yara ba na tiyata ba ne. Gudawa ce, ko taurin bayan gida, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara. Cikin waɗanda ke buƙatar tiyata, afendis ne aka fi sani. A 1986 wani likitan hoto ɗan ƙasar Holan, Julien Puylaert, ya bayyana dabarar danna ciki sannu a hankali da kan na'urar domin a kawar da iskar hanji a ga afendis ɗin, kuma kaurin da ya wuce milimita 6 tare da ƙin matsuwa na daga cikin alamun kumburinsa. Wannan dabara ce ta koya wa masu sikanin cewa hanji ma abin dubawa ne. Da suka fara duba shi, sai suka fara ganin wasu cututtukan da a da sai an buɗe ciki ake sanin su.

Na farko shi ne wanda ya sami ɗan ƙanwata. Wani sashe na hanji yana zurmawa cikin sashen da ke gabansa, kamar yadda eriyar rediyo ke shigewa cikin kanta, ya ja jijiyoyin jininsa su matse. An fi ganinsa tsakanin wata uku zuwa shekara uku, musamman a rabi na biyu na shekarar farko, wato daidai lokacin fitar haƙori da fara ba da abinci. Nan ne tarkon yake. Kuka da amai a wannan shekaru kowa haƙori zai ce, jini da majina kuwa kowa atuni zai ce, alhali fitar jinin alama ce cewa hanjin ya fara galabaita. A hannun gwani, sikanin na gano wannan ciwo a fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi. Kuma in an zo da wuri, ana iya warware shi ba tare da yanka ba: a tura ruwan gishiri mai ɗumi ta dubura, ana kallo a allo har hanjin ya koma mazauninsa. Tun 1876 Harald Hirschsprung na Kofanhegan ya bayyana amfani da matsin ruwa wajen wannan magani. Da zarar hanjin ya mutu ko ya huje, wannan ƙofa ta rufe, sai tiyata, wani lokaci har da yanke wani ɓangare.

Na biyu ya fi gaggawa. Tun jariri na cikin mahaifa hanjinsa ke juyawa ya zauna a inda ya dace. A wasu jarirai juyin ba ya kammala, sai hanjin ya rataye a kan siririn tushe, kuma wata rana ya murɗe a kansa kamar an matse wanki. Babbar alamarsa amai kore shar, galibi a watan farko na haihuwa, ko da yake yana iya bayyana a yaro babba. A allon sikanin ana ganin jijiyoyin jini sun nannaɗe juna kamar ruwa mai juyawa a bakin rami. Awanni kaɗan sun isa kusan dukkan ƙaramin hanji ya mutu. Tiyatar da William Ladd na Boston ya tsara a 1936 ita ake yi har yau, amma ba ta da amfani ga hanjin da ya riga ya baƙe. Jariri mai koren amai ɗan asibitin tiyata ne a wannan sa'a, ko da cikinsa bai kumbura ba.

Na uku ya shafi 'ya'ya mata. Ma'ajiyar ƙwai tana iya murɗewa ko a yarinyar da ba ta balaga ba, kuma ta fi yin haka a dama, sai a ɗauka afendis ne. Sikanin na nuna ta kumbura ta fi 'yar'uwarta girma nesa ba kusa ba. Gwani ya san cewa ganin jini na gudana a cikinta bai kore murɗewar ba. Akwai kuma wata lalura da ta fi wannan taɓa zuciya a al'ummarmu: yarinyar da aka haifa da tantanin budurci a toshe. Ta kai shekarun al'ada, jinin na taruwa ba mafita, mara na ciwo duk wata tana kumbura. Kowa ya san irin zargin da ke jiran budurwar da cikinta ya tasa kuma ba ta ganin al'ada. Sikanin na 'yan mintuna ya isa ya wanke ta, ƙaramin aiki kuma ya warkar da ita. A ɓangaren yara maza, murɗewar ɗan maraina kan zo da ciwon mara da amai, yaron kuma ya ji kunyar faɗin inda ke masa ciwo, alhali damar ceto na raguwa sosai bayan kimanin awa 6.

Sauran suna da yawa. Akwai wata 'yar jaka da ake haifar kimanin kashi 2 cikin 100 na mutane da ita a jikin ƙaramin hanji, wadda Johann Meckel ya yi bayaninta a 1809. Yawanci ba ta damun kowa, amma tana iya kumbura, ko zubar da jini, ko ta zama sanadin zurmawar hanji. Akwai kumburin ƙananan jijiyoyin jini da ke fara da ciwon ciki kwanaki kafin jajayen tabo su fito a ƙafafu da ɗuwawu, inda sikanin ke nuna kaurin bangon hanji. Akwai kumburin kaluluwar cikin ciki da mutuwar wani yanki na kitsen da ya lulluɓe hanji. Waɗannan biyun suna kwaikwayon afendis amma galibi suna warkewa da kansu, don haka gano su na hana a yanka yaro a banza.

Abin da littafi ya kira "ba safai ba"

Littattafan da likitocinmu ke karantawa galibi a Turai da Amurka aka rubuta su, kuma jerin abin da ba safai ake gani ba a can ya bambanta da namu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasin ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara. Tsakuwar matsarmama baƙuwa ce a yaron Landan, amma sananniya ce a yaro mai sikila, domin jininsa na saurin fashewa. In irin wannan yaro ya zo da ciwon ciki, da sauƙi a ce rikicin sikilar ne kawai, a sa masa ƙarin ruwa, a manta da matsarmama da saifa. Macijin ciki na iya dunƙulewa ya toshe hanji ko ya kutsa bututun matsarmama, kuma a allo ana ganinsa dogo kamar bututu, wani lokaci ma yana motsi. Sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 tana yawaita ne a yankunan zazzaɓin cizon sauro, kuma ban da muƙamuƙi tana kama ciki. Yaron da ya wuce shekara biyar aka sami hanjinsa ya zurma, dole a nemi abin da ya ja shi. Hujewar hanji sakamakon taifot kuwa, likitocin tiyata a arewacin Najeriya da Nijar sun san ta sanin ciki da bai.

Saboda haka mai sikanin a Kano, Sakkwato ko Maraɗi yana buƙatar jeri biyu a kansa: na littafi da na ƙasarsa.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa a ƙasar da gudawa, ciwon huhu da zazzaɓi ke kashe yara dubbai, ɓata lokaci ne a yi ta magana kan cututtukan da ba safai ake gani ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ce a ɗauke kobo daga rigakafi ko ruwan sha a kai ɗakin hoto ba. Amma abin da nake nema ba sabon gini ba ne. Na'urorin suna nan, an saye su saboda awon ciki, suna zaune a rufe daga la'asar zuwa safiya. Kuma kowace cuta cikin waɗannan ita kaɗai ba ta da yawa, amma in aka tara su, babu babban asibitin da zai daɗe bai ga ɗaya daga cikinsu ba. Kuɗin tiyatar yanke hanji da kwanciyar makonni ya ninka kuɗin horar da ma'aikaci sau da yawa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma daga likitoci take fitowa: sikanin ya dogara kacokan ga mai riƙe da shi. Siti sikan na ajiye hotunan da wani zai sake dubawa, shi kuwa sikanin abin da mai dubawa bai nema ba, ba zai taɓa fitowa a takarda ba. Iskar hanji na tare gani, yaro mai kuka ba ya tsayawa, kuma sau da yawa ba a ganin afendis ɗin kwata-kwata. Sakamakon "babu komai" daga hannun da bai ƙware ba ya fi rashin gwajin haɗari, domin yana kwantar wa iyaye hankali su koma gida. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, domin abin da ya same mu ke nan. Sai dai maganin wannan matsala horo ne da sa ido, tunda ba za mu iya kai siti sikan kowace ƙaramar hukuma ba, kuma ko da za mu iya, bai kamata ya zama gwajin farko ga jariri ba.

Na uku, akwai yaran da bai kamata a tsaya neman hoto a kansu ba. Yaron da cikinsa ya yi tauri kamar allo, jikinsa ya yi sanyi, numfashinsa na sama-sama, likitan tiyata yake buƙata. Haka ma yaron da likita ya tabbatar da hannunsa cewa ɗan marainansa ya murɗe. Aika irin waɗannan layin sikanin a wani gefen gari ganganci ne. Hoto mataimakin hannun likita ne, ba ya maye gurbinsa.

Abin da ya kamata a yi

Abu na farko horo. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da likitocin hoto da na tiyatar yara. Gwamnatocin jihohi za su iya haɗa kai da su a riƙa ba likitoci da ma'aikatan hoto na manyan asibitocin ƙananan hukumomi gajeren horo kan tambayoyi ƙalilan: hanji ya zurma? Akwai ruwa a sake a ciki? Jijiyoyi sun murɗe? Ma'ajiyar ƙwai ta kumbura? Ba a buƙatar shekaru kafin a iya gane zobban albasar nan. Na'urori na hannu da ake haɗawa da waya sun samu, kuma ana iya tura ɗan bidiyon abin da aka gani ga ƙwararre a wani gari ya duba.

Na biyu, a gyara takardar sakamako. Kowane rahoton sikanin yaro ya faɗi abin da aka gani da abin da ba a samu gani ba. "Ba a ga afendis ba" da "afendis lafiya" jumloli ne mabambanta, kuma tsakaninsu rai na iya salwanta. Majalisar da ke kula da likitoci da hukumar rajistar ma'aikatan hoto suna da hurumin tabbatar da cewa wanda ke rubuta irin wannan takarda ya cancanta. Ɗakin sikanin da bai ƙware a duba yara ba, mutuncinsa ne ya ce wa iyaye su wuce gaba.

Na uku, na'urar ta yi aikin dare. Sashen gaggawa na yara da sikaninsa ke kulle bayan tashi daga aiki, ko yake jiran a tada janareto, ya bar yaro a hannun sa'a. Kuma ganowa ba ta da amfani in babu hanyar miƙa yaro cikin hanzari zuwa inda ake tiyata.

Na huɗu namu ne, mu da muka yi karatu. A kowane dangi mu ake kira da tsakar dare, mu ake tambaya ko a tafi asibiti ko a jira. Ya kamata mu haddace alamun da ba a jira da su: koren amai, musamman a jariri, jini a kashi tare da kukan da ke zuwa yana ɗaukewa, yaron da ya yi laushi ba ya kula kowa, ciki mai kumburi ko tauri, ciwon da ya tsaya a gefe ɗaya yana ƙaruwa, kumburi ko ciwo a maraina. In aka ga ɗaya daga ciki, a wuce kemis, a wuce jiƙe-jiƙe, a nufi asibitin da ke da likitan tiyata. In an yi sikanin, a tambayi mai dubawa cikin ladabi: an duba hanji? In an ce ba komai amma yaro bai samu sauƙi ba, a koma, domin abin da bai fito da safe ba yana iya fitowa da yamma.

Ciwon ɗa ciwon uwa ne, kuma wanda ya ga ƙanwata a daren nan ba zai yi musu ba. Har yanzu takardar sikanin farko tana cikin jakarta. Ta nuna mini ita kwanakin baya ta ce, "Yaya, ka ga fa komai lafiya aka rubuta." Na sake karantawa. Hanta lafiya, ƙoda lafiya, saifa lafiya. Da mun san tambaya ɗaya da za mu yi a wannan safiya, da mun rage wa yaron awa goma na wahala, wataƙila da tabon da ke cikinsa ma babu shi.